Motar Taki

A tashar Gwarzo kowa ya san farar motar hayis ɗin Ɗayyabu. Ba sabuwa ba ce, amma tsaf take. Kullum da safe sai ya wanke ta ciki da waje, matarsa Hamida ta zuba garwashi a kasko ta turara kujerun da turaren wuta. Shi ya sa matan da ke zuwa Kano saro atamfa da leshi ba sa shiga motar kowa sai tasa. Babbarsu ita ce Hajiya Uwaliya. Shi ke kai su, shi ke dawo da su da dilolinsu. Da su yake riƙe gidansa.

Sai korona ta zo, gwamnati ta sa dokar kulle. Aka rufe tasha, aka datse hanyar Kano. Ɗayyabu ya kawo motar ƙofar gida ya ajiye a ƙarƙashin darbejiya. Da safe ya wanke ta kamar yadda ya saba, ya tayar da inji don kada batir ya mutu, ya kashe, ya zauna a dakali. A haka azumi ya kama. Wasu direbobin suka koma gona, wasu suka riƙa satar hanya ta ƙauyuka da fasinja, in an kama su a shinge a sace musu iskar taya. Shi ba shi da gona, kuma yana tsoron kamu.

Buhun masarar da ke ɗaki ya yi ƙasa, sai Hamida ta zura hannu har kafaɗa kafin ta ɗebo.

Wata rana bayan la'asar Kawu Jibirin, ƙanin mahaifiyar Ɗayyabu, ya zo daga Kutama a kan keke. Ɗayyabu ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya durƙusa.

"Barka da yamma, Kawu. Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. Ya iyalin? Ya wannan hali da muka samu kanmu?"

"Sai godiya. Ya su Inna?"

"Suna gaishe ku." Kawu ya leƙa waje ya nuna motar da haɓa. "Ita amaryar taka har yanzu tana lalle?"

Ɗayyabu ya yi murmushi.

Kawu ya faɗi abin da ya kawo shi. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka bana, don haka manoman unguwarsu suka haɗu suka sayi kashin kaji a wani gidan gona da ke bayan Kabo. Mai a-kori-kurar da suka yi magana da shi ya samu wani aikin ya bar su. Kayan noma kuwa ba a tare su a shinge. In Ɗayyabu zai kwaso musu, za su biya shi da dawa da masara.

"Kashin kaji, Kawu? A cikin motata?"

"A buhu yake. Ai ba cewa na yi ka zuba a aljihu ba."

"Mutane nake ɗauka. Mata ne, masu kaya."

"Ina mutanen? Nuna mini ɗaya in gaishe ta."

Bayan Kawu ya tafi, Ɗayyabu ya shiga gida ya tarar da Hamida tana tace kamu. Ta ji duk abin da aka yi a zaure.

"In warin nan ya kama motar, Hajiya ba za ta sake shiga ba," in ji shi.

Hamida ta ci gaba da tatarta. Can ta ce, "Baban Kamila, masarar ba za ta kai Sallah ba."

Washegari ya ɗauko sifana ya kwance kujerun ɗaya bayan ɗaya. Shi da Hamida suka kinkima suka jera a ɗaki, ta lulluɓe su da tsofaffin zannuwa. Ya samo tamfol ya shimfiɗa a cikin motar ninki biyu, ya ɗaure gefunan a jikin taga.

Da farko abin bai yi muni ba. Takin a bushe yake, buhunan ma ba su yage ba. Ya riƙa zirga-zirga tsakanin Kabo da Kutama da tagogi a buɗe. A shinge ɗan sanda ya leƙo kai, ya toshe hanci, ya ɗaga masa hannu ya wuce. Da yamma ya cire tamfol ya kakkaɓe, ya wanke motar da omo, ya sa hanci a kowace kusurwa. Ba ya jin komai sai omo.

Ana saura kaɗan ya gama kwasa aka yi ruwan fari, mai ƙarfi. Da ya isa gidan gonar ya tarar da ragowar buhunan a fili, sun jiƙe sharkaf, baƙin ruwa na tsiyaya daga gindinsu. Ya ce wa Kawu a bari su sha iska.

"Ƙasa ta sha ruwa, mutane na gona da fartanya suna jira," in ji Kawu. "Waɗanda ka kai wa nasu sun samu. Su waɗannan me zan ce musu?"

Ɗayyabu ya tsaya yana kallon buhunan. Sannan ya buɗe but, aka loda.

Hanyar gonakin duk gargada ce, tamfol ya zame. Baƙin ruwan ya bi ƙasan motar ya shige ramukan da ake ɗaure notin kujeru, ya gangara cikin ƙarfe inda hannu ba ya kai wa.

Ya wanke da omo, ya wanke da toka, ya matse lemon tsami a ramukan. Wani ya ce masa gawayi na shanye wari, ya zuba gawayi ya rufe ƙofofi. Hamida ta ƙona duk turaren da take da shi, har wanda ta ɓoye don Sallah. Da safe in ƙarfe ya yi sanyi ba a jin komai. Da rana ta take, ƙarfen ya ɗau zafi, sai warin ya taso a hankali daga ƙarƙashi.

Manoman Kutama sun cika alkawari. Dawa da masara suka zo gidan, aka ƙarasa azumi, aka yi tuwon Sallah.

Da aka sassauta doka aka buɗe tasha, Ɗayyabu ya mayar da kujerun ya ɗaure. Yanzu dole kowane fasinja ya sa takunkumi, kuma ya sa rai wannan zai taimaka masa. Yana shiga tasha Baƙo kamasho, mai kiran fasinja, ya ɗaga murya.

"A ba da hanya! Ga motar taki ta iso!"

Direbobi suka kwashe da dariya.

"Baƙo, ka kiyaye ni," in ji Ɗayyabu.

"Ni me na yi? Duk Kabo haka ake kiranta. An ce kaji in sun gan ta har gaishe ta suke yi."

Ya so a ce lodinsa ya zo da sassafe, amma motoci sun yi yawa a gabansa, kowa ya fito da yunwa. Layi bai zo kansa ba sai da rana ta kusa tsaka. A lokacin ne Hajiya Uwaliya ta iso da matan da suke tafiya tare. Ya tarye ta ya rusuna.

"Hajiya, barka da zuwa. Ya muka ji da wannan zama?"

"Sai haƙuri, ɗan nan. Ya Hamida da yarinyar? An sha ruwa lafiya, an yi Sallah lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

Ya buɗe mata ƙofa ta shiga ta zauna. Sauran matan suka tsaya suna gyara mayafi, suna jira ta matsa. Hajiya ba ta matsa ba. Ta janye takunkumin zuwa haɓa, ta juya kai dama, ta juya hagu. Sannan ta dafa ƙofa ta sauko.

"Ashe gaskiya ne abin da na ji."

"Aikin kwana kaɗan ne, Hajiya. Na wanke. Zai fita."

"Ban ce ka yi laifi ba. Iyalinka ka ciyar, Allah ya yi maka albarka. In don ni ce, sai in toshe hanci mu tafi. Amma atamfa fa? Daga Kano zuwa nan a cikin wannan zafi, in ta kwashi warin nan wa zan sayar wa?"

"Sai in ɗora kayan a sama."

"Da damina?"

Ɗayyabu ya ɗaga kai ya dubi sama.

"In warin ya fita ka aiko mini," in ji ta. Ta mayar da takunkuminta, ta yi wa matan alama, suka nufi motar da ke bayansa.

Motar Ɗayyabu ta zauna a kan layi ƙofa a buɗe. Mutum biyu suka leƙa suka wuce. Direbobin baya suka fara danna ham, wani ya ce in ba zai yi lodi ba ya fita ya ba mutane wuri.

Baƙo ya matso kusa da shi, wannan karon ba da dariya ba.

"Oga, ga wasu can a bakin ƙofa tun safe, kowa ya ƙi su. Ɗaya busasshen kifi ne da shi, ɗaya daddawa, sai mai kwandon zabi. In kira su?"

Ɗayyabu ya dubi mutanen. Suna zaune a kan buhunansu cikin rana, mai zabin yana yayyafa wa kwandonsa ruwa.

"Kira su," in ji shi.

Ya zagaya baya ya buɗe but, ya kama kunnen buhun kifin shi da mai shi suka ɗaga.