Waƙa ta Bakwai

Waƙoƙi goma sha ɗaya ne a albam ɗina na uku, amma ba wanda ya taɓa tare ni a hanya da zancen sauran goman. Ta bakwai kowa ke so. Ita ce kuwa wadda na rubuta cikin minti ashirin, a kan wata gurguwar kujera a situdiyo, don kawai a cike gurbi.

Mai haɗa min kiɗa, wanda muke kira Kunne, shi ya ce albam ɗin ya cika zaƙi.

"Duk zuma, ba gishiri. Kai ba ka da wani tabo a rayuwarka ne?"

Na duba ban samu ba, sai na ƙirƙira. Na rera "ubana na da rai amma ni maraya", na rasa abin da zai amsa shi, sai "ya watso min kayana a kan hanya" ya faɗo bakina. Kunne ya daki tebur ya ce kar in taɓa ko harafi ɗaya.

Gaskiyar magana, ranar da na bar gida Baba ne ya riƙe min jaka har tasha. Mun yi faɗa kam, don ya so in gama makaranta. Amma makirfo ɗina na farko ma shi ya harhaɗa min da tarkacen shagonsa, don gyaran rediyo da lasifika ne sana'arsa.

Albam na fita, waƙar ta kama gari. Masu sharhi da suka daɗe suna ce min mawaƙin 'yan mata suka rubuta cewa yanzu na girma, na fara faɗin gaskiya. Ƙarti masu gemu suna turo min saƙo wai na sa su kuka. A wata hira aka tambaye ni ko da gaske abin ya faru. Na sunkuyar da kai, na ce ba na son tuna baya. Wannan sunkuyawar ta fi waƙar muni, kuma na sani tun a lokacin.

Bayan wata biyu yayata ta kira ni.

"Sannu tauraro, ka kyauta. Maƙwabcin shagon Baba ya daina gaishe shi. Jiya wata ta zo ta ɗauke talabijin ɗinta ba a gama gyarawa ba."

"Shi me ya ce?"

"Ai da yana magana da da sauƙi."

Sai da na yi kwana huɗu ina juya abin kafin na je. Na ajiye mota nesa, na ƙarasa da ƙafa, don kunya ta hana ni tsayawa a ƙofarsa da ita.

Shagon yana nan yadda na san shi: warin dalma, gwangwanayen madara cike da ƙananan sukurori, rediyoyi jibge har rufi, kowanne da takardar sunan mai shi. Baba na duƙe a kan wata lasifika, tabaraunsa ɗaure da waya a gefe ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya turo min benci da ƙafa.

"Baba, zancen waƙar nan..."

"Na ji ta. Duk rediyon da na gyara, ita ke fara fitowa." Ya busa ƙura daga lasifikar. "Ka gaya wa mai haɗa maka ya rage ganga. Tana danne muryarka."

Na shirya magana tun daga gida. Kafin in fara ta sai ga wata mata ta shigo karɓar rediyonta. Ta dube ni, ta saki baki, sannan ta juya ta dubi Baba sama da ƙasa.

"Au! Dattijo, ashe kai ne na cikin waƙar?"

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Kalma uku sun isa: ƙarya na yi. Na dubi takalmina.

"Ni ne," in ji Baba. "Ƙuruciya ce da zafin zuciya. Ya yafe min."

Matar ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta shiga lalube a jakarta. Na matsa kusa da Baba.

"Baba, don me?"

"In na ce ban yi ba, kai za a kira maƙaryaci," ya faɗa a hankali, bai ɗago ba. "Kai da sunanka kake cin abinci. Ni da hannuna nake ci."

Ashe waya matar ke nema. Ta ce don Allah hoto ɗaya, 'yarta ba za ta yarda ba in ba ta gani ba. Ta waiga ba kowa a shagon sai mu uku, sai ta miƙa wa Baba wayar ba tare da ta dubi fuskarsa ba.

Ya goge hannunsa a riga, ya karɓa, ya gyara zaman tabarau. Ya ɗan jima yana duban mu ta cikin gilashin wayar.

"Ɗago kanka mana," ya ce da ni. "Fuskarka ba ta fita."