Ka Faɗa Mini da Baki

Shekara goma sha ɗaya Siddiƙa ta yi a bayan taga guda, a garejin wani kamfani mai jigilar ma'aikata daga Arlit da Akokan zuwa wajen haƙar ma'adini. Aikinta bai wuce ta miƙa wa direba makulli, ta rubuta sunansa, ta gaya masa motar da zai ja da lokacin tashi ba. Sai dai ba a karɓar makulli a hannun mutum da sassafe a juya kawai. Sai an tambayi kwana, an tambayi gajiya, an tambayi zafi kamar ba tare aka sha shi jiya ba. Direbobi ashirin da uku ne, kowane da tsawon gaisuwarsa.

Da cutar korona ta shigo ƙasar, shef Faisal, shugabansu, ya tara su a tsakar gareji, kowa nesa da kowa, ya ce ƴan biro, wato ma'aikatan ofis, su koma gida su yi aiki daga can. Motoci dai ba za su tsaya ba. Makullai za a rataye su a allo bakin ƙofa, tsarin aiki kuma Siddiƙa za ta riƙa turawa ta waya. Ta kwashi ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, da littafin sunaye ta tafi gida tana murna, a tunaninta ta huta da sammako.

Hutun bai kai kwana biyu ba. Gaisuwar da ake yi mata a taga ta biyo ta har tsakar gida, ta koma bokal, wato saƙon murya. Mutum zai danna waya ya yi minti uku yana tambayar gida da yara da Inna, sai a can ƙarshe, idan ya tuna, ya ce tayar motarsa ta yi faci. Rezo kuma, wato sabis ɗin waya, a unguwarsu sai ya ga dama. Sai ta tsaya a gindin bango ta ɗaga waya sama tana jiran saƙo ya sauka, ya sauka kuma ta tarar wani direba Fatahu ne yake tambayar yadda ta ji da rana.

Ranar Alhamis ta gaji. Ta rubuta a rukunin direbobi cewa daga yau babu bokal, babu gaisuwa, tsarin aiki zai zo a rubuce, kowa ya amsa da kalma biyu: na gani. Ta ajiye wayar tana jin kanta kamar wadda ta gyara duniya.

Mahaifiyarta, Inna Zinariya, wadda ta zo daga Damagaram ganin jikoki rufe hanya ya riske ta, tana zaune kan tabarma tana tsince wake. Da aka karanta mata dokar sai ta taɓe baki.

"Yanzu ke, Siddiƙa, mutum ya gaishe ki ki ce ya ɓata miki lokaci? Ina za ki kai lokacin?"

"Inna, aiki ne."

"To. Allah ya ba da sa'a."

Direbobi suka bi doka. Kowace yamma wayar sai ta cika da na gani, na gani, na gani, a jere kamar buhunan siminti. Aiki ya yi sauri, gaskiya ne. Mutum ɗaya ne kawai ya ƙi bi, Baba Ghissa mai jan kar lamba bakwai, babbar motar da ke ɗauko ma'aikata daga Akokan. Dattijo ne ɗan Iferwan, dogo, kullum cikin rawani da amawali, Siddiƙa ba ta taɓa ganin bakinsa ba, sai idanu. Hausarsa irin ta mutanen Ayar ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinsa. Duk lokacin da ta tura tsari sai bokal ɗinsa ya shigo a keɓe, da gaisuwarsa cikakkiya, a ƙarshe ya ce: "Ƴata, aikin gobe, ka faɗa mini da baki."

Abin ya riƙa ba ta haushi, kuma tana da hujja. Da a ce bai iya karatu ba ne, da sauƙi. Amma Baba Ghissa ya yi lakkol, karatun boko, a Agadas tun ba a haife ta ba, shi ne ma a da mai karanta wa sauran direbobi takardun kamfani, faransancinsa ya fi nata daɗi. Ta yanke a ranta cewa girman kai ne irin na tsofaffi, ba ya son yarinya ta ba shi umarni a rubuce. Sau huɗu ta daure ta yi masa bokal. A na biyar ta ji saƙonsa, ta kife wayar, ta ce a ranta ai yana da ido.

A wannan tsarin ne aka yi canji. An ce kowace mota ta ɗauki rabin mutane don a bar tazara, saboda haka sawu biyu za a yi, mota lamba bakwai ta tashi biyar da rabi maimakon shida. Ta rubuta shi da manyan baƙaƙe. Washegari mutum ashirin suka tsaya a bakin titin Akokan da kwalkwalinsu a hannu har rabin awa, Baba Ghissa ya iso ƙarfe shida daidai kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

Kafin ta gama karin kumallo saƙon shef Faisal ya shigo. Ya ce ta nemi bayani a wurin direban, abin da ya ce kuma ta turo masa. Ranta a ɓace ta danna waya ta yi wa dattijon magana, ba sallama, ba ina kwana. Ta ce an rubuta, kowa ya gani, shi kaɗai ne ya fi ƙarfin karantawa? Daga baya, duk lokacin da ta tuna muryar da ta yi amfani da ita a ranar, sai kunya ta kama ta.

Amsa ba ta zo ba sai bayan azahar. Minti huɗu da ƴan daƙiƙu. Ta kunna a tsakar gida da ƙarfi, hannunta ɗaya a kan ordinatar, don ta ɗauka gaisuwa ce za ta cinye rabi. Haka kuwa aka yi. Ya tambayi kwananta, ya tambayi maigida, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi ƙafar Inna. Ana jin akuya tana kuka a bayansa, da ƙarar kofin shayi da aka ajiye a kan tire.

"Ƴata," ya ce, "ban gani ba. Ba ƙi na yi ba. Shekara biyu ke nan ido na hagu kamar hayaƙi ya shiga. Na dama ma ya fara. Rubutu ƙanana ya tafi. A gareji ba na duba allo, kai ne kana ba ni makulli kana cewa, Baba Ghissa, lamba bakwai, ƙarfe shida. Shi nake riƙewa. Hanya kuma jikina ya san shi, kowane rami na san shi. Amma ran Litinin a mararraban Akokan wani mai kabu-kabu, ban gan shi ba sai da ya yi oda. Saura kaɗan. Ban gaya ma kowa ba, ko a gidana." Ya kurɓi shayi. "Ban san me ya sa nake gaya maka ba. Wataƙila don waya ba shi da ido."

Siddiƙa ta zauna a kan turmi ba ta san ta zauna ba. Shekara biyu tana zaman idon mutum, ba ta sani ba. Ita ta ɗauka baki ne kawai ya saba, a miƙa makulli a faɗi lamba da lokaci. Tausayi ya kama ta, tsoro ya biyo baya, don gobe ma biyar da rabi mutum ashirin za su hau motar nan, kowane da masu jiransa a gida.

Wayar ta yi ƙara. Shef Faisal ne: ya amsa? Ki turo mini.

Ba wani aiki ba ne. A danna saƙon a riƙe, a zaɓi suna, shi ke nan. Kuma Faisal ba mugu ba ne, wannan ta sani. Matsalarsa guda ce, tun da aka koma gida duk abin da ya shigo wayarsa sai ya wuce gaba, don kada a ce bai sanar ba. Zai tura wa na sama da shi, na saman ya tura Yamai, wani ya tura wa abokinsa don ya ji abin tausayi. Kafin sati muryar dattijon da ko bakinsa ba ya bari a gani za ta zagaye garejin Arlit, ana kunna ta a majalisar shayi, ana jin inda ta karye. Da a taga ya faɗa mata, da maganar ta tsaya tsakaninsu, ta san yadda za ta kai ta gaba da mutunci. Yanzu kuwa ga ta a hannunta, da numfashinsa da kukan akuyarsa.

Inna Zinariya ta ji komai, don gida ba biro ba ne, babu ƙofar da za a rufe. Ba ta ɗago daga wakenta ba.

"Wannan ba bayanin aiki ba ne ya ba ki," ta ce. "Amana ce."

"Inna, idan na yi shiru ya kashe mutane fa?"

"Wa ya ce ki yi shiru? Na ce kada ki ba da muryarsa."

Siddiƙa ta jawo ordinatar ta cire sunan Ghissa daga lamba bakwai ta sa na Fatahu. Ta rubuta wa shef cewa direban zai zo da kansa gobe ya yi bayani. Faisal ya turo alamar tambaya har uku, ta bar su a nan. Sannan ta tafi gindin bangon da rezo yake kamawa, ta kira. Ba saƙo ba, kira, irin wanda mutum ba ya iya gogewa ya sake.

Ta gaishe shi yadda ya kamata. Ta tambayi gida, ta tambayi Inna Aminatu matarsa, ta tambayi ƴan'uwa na Iferwan ko ana samun labarinsu da wannan rufe hanya. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, lafiya lau. Ta nemi gafarar maganar safe, ya ce babu komai. Daga nan babu sauran abin tambaya.

"Baba, na ji saƙonka. Babu wanda zan tura wa. Amma ba zan iya sa sunanka a mota ba, ko gobe ko jibi."

Ta ƙara da cewa:

"Ka je wurin shef da kanka, ka faɗa masa yadda kake so ya ji. Idan la'asar ta yi gobe ba ka je ba, ni zan faɗa masa da bakina. Ka yafe mini, Baba."

"Saura mini shekara ɗaya in yi ritaya," ya ce.

"Na sani."

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kaɗe ko kaza ba."

"Shi ya sa, Baba."

Ya ce to, ya yi mata sallama cikakkiya, ya kashe. Ta daɗe a gindin bangon. Ba ta san ko zai je ba, ba ta kuma san ko zai sake gaishe ta a duniya ba, wannan ɗin ya fi damunta fiye da yadda ta zata.

Washegari wajen ƙarfe uku, rana tana dukan ƙofar ƙarfe, aka yi sallama a waje. Ta yafa mayafi ta sa takunkumi ta leƙa. Baba Ghissa ne tsaye can tsakiyar lungu, ya bar tazarar da hukuma ta ce har da ƙari, mai kabu-kabun da ya kawo shi yana jira a inuwa. Suka gaisa, ba wanda ya gajarta. Ya ce daga gareji yake. Ya sa an kira shef, sun tsaya a bakin ƙofa, ya faɗa masa. Shef ya ce za a rubuta takarda a kai shi wurin likitan ido, sauran kuma sai abin da likita ya ce. Ko zai koma mota ko ba zai koma ba, Allah ne masani. Ya faɗi wannan a tsaye ƙyam, muryarsa ba ta yi rawa ba, ba kamar ta cikin waya ba.

Har ya juya, sai ya dawo.

"Maganan nan da na yi. Yana cikin wayanka har yanzu?"

"Tana nan, Baba."

"Ka goge shi."

Ta fito da wayar. Ta nemo saƙon, minti huɗu da ƴan daƙiƙu, a ƙarƙashin nata mai zafi na jiya da safe. Ta danna ta goge nasa, ta goge nata. Sannan ta miƙa hannu iya tsawonsa ta juya masa fuskar wayar don ya tabbatar da idonsa.

Ya dubi wajen da hannunta yake. Ya ɗan matso da kai, ya runtse ido, ya daɗe a haka. Sai ya gyara amawalinsa.

"Ba na gani, ƴata. Ka faɗa mini da baki."

Ta sauke wayar.

"Na goge, Baba."

"To," ya ce. "Ka gaida Inna."