Ranar da Baba Ya Share Rafi

Tun daga kan gada na ga ruwan ya koma kalar kofi mai madara. Rafin Tolliver ba ya gurɓata haka a watan Nuwamba sai in an taɓa shi.

Ni da Thea, shugabar ƙungiyarmu ta masu aikin sa kai, mun zo ƙirga gurbin ƙwan kifi kamar kowace Asabar. Shekara huɗu muka yi muna jera gumagumai a cikin rafin nan, da igiya da kafaɗunmu, don su rage ƙarfin ruwa, tsakuwa ta zauna, kifin salmon ya samu inda zai binne ƙwansa. Bana kifayen suka dawo. Gurbi goma sha huɗu, kowanne mun ɗaura masa jan ƙyalle a reshen da ke gefensa. Ranar da na ga na farko sai da na yi kuka, na baƙin cikin shekarun da rafin ya yi wayam, da na murna.

Yanzu babu gungume ko ɗaya a ruwa. Suna bakin gaɓa, an yanka wasu, an jera su tsaf. Sawun tayar tarakta ya bi ta tsakiyar rafin, ta kan gurbi goma sha ɗaya. Na durƙusa na ɗebo laka, ga ƙwai a ciki, sun fashe.

Thea ta bi sawun da ido har inda ya shige ƙofar gonarmu.

"Linnea, ki je ke kaɗai," ta ce. "In na bi ki, zan faɗa wa tsohon nan abin da ba zai goge ba."

Na tarar da Baba a rumfa yana goge sarƙar jan itace, fuskarsa cike da fara'a.

"Kin gani? Kwana biyu ni kaɗai. Ku da digirorinku, kun bar shara ta toshe wa kifi hanya."

"Mu muka zuba sharar, Baba."

"Ku kuka me?"

"Shekara huɗu ina faɗa maka a kan teburin abinci. Kai kuma kana cewa in miƙo gishiri."

Ya ajiye sarƙar. "Ke yarinya, ina ɗan shekara ashirin hukuma da kanta ta sa mu kwashe itace daga rafukan nan. An ce mana kifi ba ya iya wucewa. Da takarda, da hatimi."

"Bayan kun kwashe, kifin ya ƙaru?"

Na buɗe tafina na nuna masa lakar. Ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya koya mini sunan kowane tsuntsu a kwarin nan, ga shi tsaye kamar wanda aka mara, ni kuwa ko ɗigon tausayi ban ji ba. So nake ya ji zafin.

"Saura nawa?" ya ce.

"Uku. Kuma an ce ruwan sama zai sauko da yamma. Ba gungumen da zai tare ambaliya, za ta kwashe su har teku."

Ya juya ya nufi tarakta. "Minti talatin, in mayar miki da gumaguman."

Na riga shi, na zare makullin na sa a aljihu.

"Tayar nan ba za ta sake taɓa ruwan ba."

"To da me za ki ɗaga? Da baki? Bakin dai yana da ƙarfi, na shaida."

"Da hannu, yadda muka yi tun farko."

Thea ta buga waya, mutum bakwai suka zo, har da likitan haƙori da matar da ke sayar da burodi a gari. Ba wanda ya gaida Baba. Shi ma bai nemi gaisuwa ba. Ya ɗauko wata tsohuwar sanda mai ƙugiyar ƙarfe, irin ta masu saran itace, ya kafa ta a jikin gungume mafi girma, ya ce, "Ba ɗagawa ake ba, mirginawa ake. Kai likita, matsa kafin ka rasa yatsu."

"Yanzu kai ne malaminmu?" Thea ta ce.

"A'a, Thea. Ni ne jakin. Ku ja igiya."

Awa uku muka yi a kan gungume ɗaya, ruwa yana dukanmu, Baba a cikin rafi har ƙugu da shekarunsa saba'in da huɗu. Gungumen ya zauna daidai, sama da gurbi na ƙarshe. Gungume na biyu bai kai ko gaɓa ba ruwa ya fi ƙarfinmu, muka fito.

Daga tudu muka tsaya muna kallo. Ambaliya ta tone gurbi biyun da ke fili, tsakuwar tana gangarawa da ƙara. A bayan gungumen kuwa ruwa ya lafa, gurbin yana nan.

"Ɗaya," Baba ya ce, haƙoransa suna kaɗawa.

Na cire rigar ruwata na jefa masa ba tare da na dube shi ba.

"Ɗaya cikin goma sha huɗu," na ce. "Kada ka yi mini magana a hanya."