Murfin Jirgin Ghali

Jiya na yi wani mafarki, da rana tsaka ma ba da dare ba, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Bari in fara da jirgin don a gane. A kan teburin ɗakina akwai wani jirgin yaƙi na roba, tsawonsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Irin wanda ake sayarwa a kwali ne, gutsi-gutsi, kowane gutsure maƙale a jikin firam da lambarsa, mutum ya yanko, ya haɗa da gam, ya yi masa fenti. Na ɗanmu na fari ne, Ghali. Tun yana firamare yake wannan wasa, har ya girma ya zama matuƙin jirgin yaƙi na gaske bai daina ba. Ni kuwa ban taɓa ganin amfanin abin ba. Na sha gaya masa, wanda ya mallaki saniya me zai yi da ta laka?

Shekara uku ke nan da ya tashi da jirginsa wata safiya bai dawo ba. Ba a ga jirgin ba, ba a gan shi ba. Aka zo aka yi mana gaisuwa, aka kawo mana akwatin kayansa. Wannan na robar a hutunsa na ƙarshe ya haɗa shi, ya gama komai, saura abu guda: murfin gilashin da ke rufe matuƙi. Shi matuƙin bai fi ƙwayar wake ba, amma Ghali ya zauna ya zana masa fuskar kansa da silin buroshi, har da gashin baki, har da tabon girarsa ta hagu, na ranar da ya faɗo daga bishiyar gwaiba. Hotunansa da muke da su duk na kaki ne, ya ɗaure fuska kamar bai taɓa dariya ba. Wannan ɗan waken kaɗai ne yake murmushi irin nasa.

Uwarsa, Saude, ba ta taɓa cewa uffan a kan jirgin ba. Dama ko sunan yaron ba ta faɗa, ɗan fari ne, sai dai ta ce “wancan”. Ranar gaisuwa ma ban ga hawayenta ba. Na ɗauka ganin abin ne ba ta so.

Jiya da hantsi na tarar da tsaka ta hau jirgin, ƙafarta a kan matuƙin. Raina ya ɓaci. Ni mai gyaran famfo ne, shekara talatin da ɗaya ina haɗa bututu, kuma a sana'armu gam ba ya yawa, sai dai ya yi kaɗan. Na je kanti na sayo mai kamawa nan take, wanda ake ce wa sufa gulu, na zagaye bakin murfin da shi sau biyu, na danna. Na ce to, yanzu ko ƙura ba ta isa ta taɓa shi ba. Bayan azahar na kishingiɗa a kan tabarma.

Sai ga ni a wata kasuwa. Ana ruwan sama, amma daga ƙasa yake tasowa, ɗigo-ɗigo, yana wuce kunnena yana hawa gajimare. Mutane sun kifa lema sun taka ta suna tafiya. Wannan ya fi komai ba ni haushi, don na san ruwa ba ya hawa sai da inji, na duba ko'ina kuma ban ga injin ba.

Komai na kasuwar launin toka ne, kuma maƙale yake a jikin firam. Tumatur a firam, tukwane a firam. Wata mata ta zo sayen hannun dama, mai rumfa ya yanko mata da ƙaramin almakashi, ya goge bakin yankan da sanfefa, ta gwada, ta ce ya yi mata tsawo. Ban tsaya kallo ba. Na san abin da ya kawo ni, ko da yake ba wanda ya gaya mini. Ɗana na zo nema.

Na tambayi mai rumfar. Ya nuna mini ofis da ƙafa.

A ofishin awaki ne ke aiki. Wata akuya tana buga tafireta da kofato, wata tana shan shayi. Babbansu wani bunsuru ne mai tabarau da jar hula, an rubuta Alhaji Ɗan-Baƙi a gaban teburinsa. Duk takardar da aka miƙa masa sai ya buga mata hatimi, ya karanta, sannan ya cinye.

Na yi sallama, ya amsa da baki cike.

“Me ke tafe da kai, Malam Tasi'u?”

“Ɗana nake nema, ranka ya daɗe.”

“Lamba nawa?”

“Ba lamba gare shi ba. Suna gare shi. Ghali.”

“A nan sai an yi wa mutum fenti yake samun suna. An yi masa?”

“Shi ya yi wa kansa.”

Bunsurun ya sauke tabarau ya dube ni da tausayi. Ban taɓa ganin tausayi a idon bunsuru ba, kuma ba na fatan in sake gani. Ya jawo wata doguwar takarda mai zane-zane, irin wadda ke zuwa cikin kwalin jirgi tana nuna wane gutsure ake liƙa wa wane. Ya bi ta da kofato tun daga mataki na ɗaya har na ashirin da uku.

“Yana mataki na ƙarshe,” in ji shi. “Akwai gargaɗi a nan, an rubuta da ja.”

“Me aka ce?”

Kafin in rufe baki ya yage gefen ya tauna.

“Ka yi haƙuri, ban karya ba tun safe.”

Sai ga ni a filin jirgi. Jirage sun yi layi har iya ganin ido, dukansu sun zauna da wutsiya, hanci a sama, kamar karnuka a ƙofar mahauta. Wata tsohuwa na zaune a inuwar fiffike da sikeli a gabanta.

Na ce, “Sannu Inna. Me ya same su?”

Ta ce, “Mantuwa, ɗan nan. Kowane jirgi sai an sa masa nauyi a hanci kafin a rufe cikinsa. Wanda aka mance, haka zai zauna yana kallon Allah. Me ka zo da shi?”

Na laluba aljihu, babu komai sai sifana, ƙarfen da nake ɗaure bututu da shi. Ta ture shi gefe, ta ce bai kai gashin kaza ba. Ta miƙo hannu ta zura cikin rigata, ta zaro wani abu daga ƙirjina, baƙi, kamar dutsen guga. Da ta ɗora shi, sai sikelin ya lotsa.

“Shekara nawa kana ɗauke da wannan?”

“Uku.”

“Matarka ta sani?”

“Ba mu yi maganar ba.”

Ta girgiza kai, ta jefa shi cikin hancin jirgin da ke ƙarshen layi. Jirgin ya sunkuyo a hankali, ya tsaya da ƙafafunsa uku. Na gane shi tun daga nesa, don a fiffikensa na dama akwai shatar yatsa, inda na taɓa shi fenti bai bushe ba, Ghali ya yi mini fushi na yini guda.

Na hau tsani. Yana zaune a ciki, girmansa daidai nawa, ko kuma ni ne na koma ƙwayar wake, ban sani ba. Babu murfi a kansa. Ga gashin bakin, ga tabon. Hannayensa a liƙe suke da sitiyari, ƙafafunsa a lanƙwashe, haka aka ƙera shi. Ido kawai ya juyo.

“Baba. Ka ci abinci?”

Shekara uku ina tara abin da zan gaya masa, amma abin da ya fito daga bakina faɗa ne.

“Ina ka shiga? Ko waya ba za ka iya bugowa ba?”

“Ina nan, Baba. Fenti ne bai bushe ba. Ina Umma?”

“Tana nan.”

“Tana kirana da sassafe, ina jin ta.”

Na ce a raina, yaro mafarki yake yi, uwar da ko sunansa ba ta faɗa. Ban musa masa ba. Na zauna a bakin kujerar ina kallonsa. Ruwa na ta tasowa daga ƙasa yana wuce mu. Ban taɓa jin daɗi da baƙin ciki sun haɗu mini wuri guda kamar lokacin ba. Na sa hannu zan shafa tabon, ya ce kada in taɓa, zai bar shata. Muka yi dariya.

Sai wuri ya yi duhu. Na ɗaga kai, na ga yatsu biyu suna saukowa daga sama, kowanne ya kai girman rumbu, sun riƙo murfin gilashi. A babban yatsan akwai tsohon yanka, na ranar da zarto ya kuɓuce mini. Hannuna ne. Bakin murfin yana sheƙi, gam na ɗiga daga gare shi, warinsa ya cika filin.

Ghali ya shaƙa, ya ce, “Baba, wane gam ne wannan?”

“Mai ƙarfi. Wanda ba ya saki.”

“Ai na gaya maka. Ranar da zan tafi, a bakin ƙofa.”

Nan take na tuna. Yana tsaye da jaka a kafaɗa, ni ina zaune da rediyo a kunne. Ya ce, “Baba, ka bar mini murfin sai na dawo. In ma dole ne a rufe, farin gam na takarda, ɗigo uku da tsinke. Mai ƙarfin nan hayaƙi yake fitarwa, gilashin ya makance daga ciki.” Ni kuwa na ce masa to, to, Allah ya kiyaye hanya, ban ko rage rediyon ba. Yaro zai koya wa mai famfo aikin gam?

Na yi tsalle na daki yatsan da sifana, ina ihu, “Tsaya! Kai Tasi'u, tsaya!” Amma na san mutumin. In ya fara aiki ba ya jin kira. Murfin ya sauka, ya ture ni waje, ya zauna daram. Yatsun suka danna, suka ƙara dannawa, kamar yadda na saba.

Na manna fuskata a gilashin. Ina jin muryarsa can ƙasa-ƙasa.

Na ce, “Tsoro na ji, Ghali. Kada wani abu ya same ka.”

“Na sani, Baba. Ai riƙo ya riƙu. Ko ruwa ba zai shiga ba.”

Farin ya fara daga gefe, kamar gishiri a bakin tulu, ya riƙa hawowa. Ya ci kafaɗarsa, ya ci haɓa. Na cire hulata ina gogewa, ina gogewa, ba abin da ya ragu, don ba ta wajena yake ba. Gashin bakin ya tafi. Na kafa wa tabon ido don kada ya ɓace mini, shi ma ya tafi.

Bunsurun nan ya hawo tsani da hatiminsa a baki. Ya leƙa, ya ce, “Garin gyaran gira an rasa ido.” Sannan ya fara buga hatimin a jikin jirgin, ƙwanƙwam, ƙwanƙwam, yana cewa an gama, an gama.

Na buɗe ido. Ɗan garuwa ne yake buga jarka a ƙofar gida, yana tambaya ko za a sa ruwa. La'asar ta yi.

Ban ko nemi takalmi ba na nufi teburin. Saude ta riga ni. Tana tsaye da tsintsiya a hannu, ta sunkuya a kan jirgin. Murfin ya yi fari fat kamar ƙwan kurciya, ba a ganin komai a ciki.

“Malam, kai ka rufe shi?”

“Tsaka ce ta hau,” na ce.

Ɗan garuwa ya gaji ya wuce, muna jin kurarsa tana nisa.

“Kullum in ka fita masallaci da asuba,” in ji ta, ba ta dube ni ba, “nan nake zuwa in ce Ghali, ka tashi lafiya. A nan ne kawai nake faɗa, tunda ba mai ji.”

Tun da aka raɗa masa suna, jiya na fara jin sunan a bakinta.

Ta ajiye tsintsiya, ta hura wa gilashin iskar bakinta, ta kama gefen zaninta ta shiga gogewa a hankali. Ta duba, ta sake hurawa. Na tsaya a bayanta, na kasa gaya mata cewa daga ciki ne.