Gilashin da Gwamna Ya Wanke

Wata uku Ummulkhair ta yi tana ɗaukar hotunan 'yan gida masu aiki a Dubai, kowa ta bayan gilashi guda. Tsohon gilashin wani shago ne a unguwar Naif, ta tsince shi ranar da ake gyaran wurin. Duk shatin yatsu ne a jikinsa, da ragowar gam, da lambar waya rabi a kankare. Wannan dattin shi ne aikin nata, don a ganinta haka garin ke kallonsu.

Saura hoto ɗaya, na Gwamna, mutumin Kafanchan mai wanke gilasan dogayen benaye. Litinin za ta miƙa hotunan ga masu shirya wani baje koli, shi kuwa Lahadi kaɗai yake hutu. Daga coci ya wuce saman benen su Ummulkhair a unguwar Deira, inda 'yan haya ke wanki. Ta jingina gilashin, ta sauka ɗauko kyamara.

Ko da ta dawo, gilashin na ƙyalli, Gwamna na matse tsumma a bokitin wani.

"Yaya Gwamna, me ka yi?"

"Ƙanwata, ai ba sai kin gode ba."

Sau biyu ta yi masa bayani, a hankali, tana haɗiye takaici. Ya saurara da ladabi. Sannan ya ce shekara tara yana lilo da igiya a hawa na hamsin, ba a taɓa samun tabo a aikinsa ba, ba kuma zai fara da hoton da matarsa Magret za ta gani ba.

Ta danna tafin hannunta a gilashin don ta maido da shatin, abin ya fito kamar ƙarya. Ga rana tana faɗuwa.

"To, sake wankewa. Kumfa da yawa. Kada ka goge sai na ce."

Ya shafa kumfar, fuskarsa ta ɓace sai ido ɗaya. Daga bayan gilashin yake mita cewa sabulu in ya bushe zane yake bari. Ta danna kyamara sau ɗaya, ta danna na biyu. Kafin na uku tsumma ya wuce.

Ta duba. Na biyun ya fito ras. Bai yi kama da sauran ba ko kaɗan, amma shi za ta kai.

Gwamna ya leƙo. "Wannan kam kada Magret ta gani. Aikin rabi ne."