Hancin Baban Surayya

Maigidana, Baban Surayya, albasa shi ka nomawa a hwadamar Goronyo, kuma hancinai ya hi idonai aiki. In an jera albasa cikin rudu, rumhwar karan da aka ajiye ta har ta yi tsada, da wari shi ka gane wadda tah hwara ruɓa tun ba ta ɓata sauran ba.

Sai ciwon hanci yak kama shi, irin wanda ba shi wucewa. Goshi kamar an aza dutse, majina ba hutu, ko daddawa kak kai mai bakin hanci ba shi jin komi. Bara rudu guda yar ruɓe shina kai da kawowa kusa, sai da maƙwabta sunka yi magana. Wallahi na yi kuka. Bana ƙanenai Bilyaminu yac ce a sayar tun a gona, ko nawa 'yan sari sunka taya. Nic ce ban yarda ba.

Nim matsa mai munka tahi asibiti a Wurno. Likita tad duba shi, tab ba shi magani, tac ce shi dinga wanke hanci da ruwan da anka tahwasa yah huce, da ɗan gishiri da zuma mai kyau. Tag gwada muna yadda aka yi da 'yar gora. Ta dai ce ba kowa shi ka yi ma aiki ba.

Zuma na raguwa, hanci na nan toshe. Ashe bawan Allah cikin kunu shi ka zuba ta! Da nir rutsa shi, wai bai iya sa abu mai albarka a hanci shi hyace shi ƙasa, almubazzaranci na.

Nic ce, "Malam, rudu guda da yar ruɓe, shi mi na? Kullum kana shaƙa ruwa wurin alwala. Zauna."

Da kaina ni ka haɗawa, sahe da marece, in tsaya bisa kainai. Shina tari, shina hawaye, shina cewa na rena shi. Ko a jikina. Abin da yah hito hancin nan ba na hwaɗi ba na.

Da zahi yat taso, wata rana nik kai masu hura wurin rudu, shi da Bilyaminu. Ya ɗauki ludayi ke nan sai yat tsaya. Yaj juya, yan nuhi kusurwar gabas, yas sa hannu har kahwaɗa, yaj jawo wata albasa ruɓaɓɓa tana ɗiga. Munka tone wurin. 'Yan kaɗan ta taɓa, sauran lahiya lau.

Bilyaminu ya kau da kai shina tohi. Shi ko Malam ya riƙe ta ga hanci, ya ƙi yaddawa, shina dariya har da ƙwalla.

Yac ce mani, "Baraka, bar ni in ƙara ji."