Talotalon da Aka Sa a Kabad ɗin Tasha

Tun da na yi ritaya daga dafa wa 'yan makaranta abinci, ni ce mai zagayen kabad ranar Alhamis. Kabad uku rumbun abincin garinmu yake da su: ɗaya a tashar bas, ɗaya a gindin katangar coci, ɗaya a ƙofar asibiti. Ba kwaɗo, ba mai gadi. Mai abu ya ajiye, mai bukata ya ɗauka. Namu aikin, mu 'yan sa-kai, shi ne mu karɓo burodin jiya da madarar da ta kusa cika wa'adi a kantuna, mu haɗa da dankalin da manoma ke sauke mana a ɗakin ajiya, mu rarraba, mu goge katako.

Wata safiya a watan Nuwamba na isa tasha da kwandon burodi, ina buɗe kabad sai muka yi ido biyu da talotalo. Rayayye, namiji, ƙato, ya baje a katakon ƙasa inda muke jera kabeji. Ya cinye rabin kabeji, ya fasa ledar taliya. An ɗaura masa takarda a wuya da koren zaren ulu: "Ga mabukata. Ba ya son a yi masa fito."

Na mayar da ƙofar na rufe, na kira Gospon Slavek.

Gospon Slavek ne shugabanmu; Gospon a yarenmu kamar a ce Malam ne, Gospa kuma Malama. Shekara talatin da huɗu ya yi yana riƙe da gidan waya, kuma shi ya rubuta dokokin rumbun da hannunsa, guda goma sha tara. Ya iso a kan kekensa, ya buɗe kabad, ya daɗe yana kallo, ya rufe a hankali.

"Gospa Ljerka, wa ya kawo shi?" ya tambaye ni.

"Da na sani ai shi zan kira, ba kai ba."

"Akwai kwanan wata a jikinsa?"

"Ɗaga fiffikensa ka duba."

Bai yi dariya ba. Ya fara lissafo min da yatsunsa. Doka ta uku ta ce abin da ba shi da ranar lalacewa a rubuce ba a bai wa kowa. Ta bakwai ta ce abin da bai lalace ba ba a zubar da shi. Ta goma sha ɗaya ta ce ɗan sa-kai ba ya tafiya gida da komai, ko ƙwayar wake.

"Kin gani ke nan," ya ce. "Ba a ba da shi, ba a yar da shi, ba a kai shi gida."

"To me ake yi da shi?"

"Yana nan inda yake."

Muna cikin haka wani direba ya yi wa abokinsa fito daga can gefen tasha. Ƙofar kabad ta bankaɗe, talotalo ya fito wuya a miƙe, ya bi direban nan har cikin bas. Fasinjoji bakwai suka sauka ta ƙofar baya. Bas ɗin ƙarfe takwas da rabi bai tashi ba sai tara saura.

Da rana aka kira Zdenka, likitar dabbobi. Ta duba bakinsa, ta latsa ƙirjinsa, ta ce lafiyarsa ta fi ta duk wanda ke tsaye a wurin. Gospon Slavek ya zaro alƙalami.

"Dokta, yaushe zai lalace?"

"Me zai yi?"

"Lalacewa. Rana nake so."

"In ba a sa masa wuƙa ba, sai ya yi shekara goma."

Ya ƙirga shekara goma daga ranar, ya rubuta a 'yar takarda irin wadda muke liƙa wa kwalba, ya ɗaura a ƙafar talotalo. Daga nan, in ji shi, kaya ya cika sharaɗi, duk mai bukata ya ɗauka.

Teta Barica, wato Goggo Barica, ce ta fara. Shekarunta tamanin da ɗaya, tana zaune ita kaɗai a hawa na huɗu, kuma a garin nan kaf ita ce kawai ke zuwa kabad da tsakar rana kanta a sama, har ta yi ƙorafi in burodin ya bushe. Ta ɗaura masa igiyar shanya ta ja shi gida. Bayan kwana biyu ta dawo da shi.

"Teta, lafiya?"

"Ungo abinku. Na sa shi a bahon wanka, na wasa wuƙa, na ɗora ruwa. Sai ya juyo ya kalle ni. Irin kallon da marigayi mijina ke min in na ƙona miya. Shekara arba'in na sha wannan kallo, ba zan cinye shi kuma ba."

Bayanta wani magidanci mai 'ya'ya biyar ya ɗauka. Kafin ya nemo tukunyar da za ta ci shi, yaran sun raɗa masa suna Minista, saboda yadda yake tafiya yana kumbura ba ya gaida kowa. Abin da ke da suna kuwa ba ya yankuwa a gidan yara. Ranar Litinin aka dawo da shi, ya ƙara ƙiba.

Direbobi suka harhaɗa katakai suka yi masa keji a gefen kabad, suka manna sanarwa a hana fito a tasha. Daga nan abu ya sauya.

A garinmu kowa ya san kakan kowa. Mutum zai yini da ruwan shayi a cikinsa amma ba zai bari a gan shi da hannu a cikin kabad ba. Shekara uku muna zuba madara muna kwashe ta ta yi tsami. Amma da Minista ya zo, sai kowa ya sami abin faɗa: za ni in ga Minista. Mace za ta zo da jaka a naɗe a hammata, ta tsaya gaban keji tana yi masa magana, jikinta ya kare ƙofar kabad, ta koma da jakar a cike. Wanda ya gani ba ya magana, don shi ma ganin Minista ya zo. Kafin sha biyun rana kabad ɗin tasha ya zama fayau.

Masu ba da gudummawa ma suka ƙaru, sai dai duk abu ɗaya suke kawowa. Masara. Da gidan rediyon yankin ya ba da labarin, manoma daga ƙauyuka shida suka riƙa sauke mana buhuna, kowanne an rubuta "Na Minista". Muna roƙon mai da sukari, ana kawo masara. Doka ta farko kuwa ta ce ba a mayar da hannun mai bayarwa. Zuwa farkon Disamba sai ka hau kan buhuna ka rarrafa kafin ka kai ga firiji. Ni da shekaruna sittin da shida na yi wannan rarrafe sau biyu a mako.

A cikin kwanakin nan ne na lura da wani tsoho da ke zama a bencin da ke fuskantar kejin. Kullum yana nan, hannuwa a aljihu. Ba ya jiran bas, ba ya taɓa kabad. In ya zauna, Minista sai ya daina kumbura, ya kwanta ya zuba masa ido. Na san shi: Dragec, mai gyaran rufi, abokin mahaifina. Matarsa Ruža ta rasu a bazara. Rigar sanyinsa koriya ce, kuma bakin hannunta na hagu ya warware.

Na je na zauna kusa da shi.

"Gospon Dragec, zaren rigarka na ƙarewa."

Ya dubi hannun rigar, ya tura shi aljihu. "'Yar Joža, bakinki irin na ubanki."

"Naka ne ko?"

Ya juya ya kalli kejin. Sannan ya ce, "Ruža ce ta saye shi, bai fi dunƙulen hannu ba. Ta ce na Kirsimeti ne. Ita ce mai yanka, ni riƙe ƙafa kawai na iya. To ta tafi ta bar ni da shi. Ci gare shi kamar leburori uku. Sai da muka wayi gari ni da shi muna kallon burodi ɗaya a kan tebur."

"Wa ya ci?"

"Ya fi ni sauri."

Na ce masa ya ɗauki abinsa ya mayar gida, masara kuwa ko a kai masa mota guda. Ya girgiza kai.

"Na rubuta da hannuna, ga mabukata. In na ɗauka, na zama me ke nan? A gaban direbobi?"

"To ɗauki burodi ko ɗaya. Ga shi can, ba mai kallo."

"Na ci abinci," ya ce. Wuyansa kuwa ya yi wa kwalar rigarsa kaɗan.

Na kwashe labarin duka na kai wa Gospon Slavek. Ya cire dokokinsa daga bango ya tafi da su gida. Ranar Asabar ya zo ƙofata da kwat da laktaye, ya ce in raka shi.

Mun tarar da Dragec yana faskare. Ɗakin girkinsa tsaf, tukwane a kife, ba ƙamshin komai. Gospon Slavek ya ƙi zama.

"Gospon Dragec, rumbu na cikin matsala. Muna da kaya mai numfashi, ba mu da inda za mu adana shi. Shugaban tasha ya ce fasinjoji na tsoron yin atishawa. Mun duba garin nan, ba mai tsakar gida da shinge irin naka. Muna so ka zama mai kula da ma'ajiya ta huɗu."

Dragec ya jingine gatari. "Ai na ji ɗan sa-kai ba ya kai komai gida."

"Haka ne. Shi ya sa daga yau nan ba gida ba ne, ma'ajiya ce."

"Ni kuma ina zan kwana?"

"A wurin aiki. Ba dokar da ta hana."

Ya ci gaba da bayani fuska a murtuke. Kowace ma'ajiya dole ta kasance da kabad, don haka za a kafa ɗaya a bayan shinge. Kuma wajibi ne mai kula ya ɗanɗana kowane irin kaya da aka kawo, safe da rana da yamma, don a tabbatar bai lalace ba. In ya yi sakaci wani ya ci ya yi ciwon ciki, laifin a wuyansa.

"Har madara?"

"Madara ma ta fi haɗari."

Dragec ya kalle ni, ya kalli laktayen Gospon Slavek. "Aiki ne dai?"

"Aiki ne. Ba albashi."

"To in ba albashi, zan iya."

Da yamma direbobi biyu suka kai Minista a kujerar gaba ta bas, masu zuwa ganinsa kuma suka koma bin hanyar gidan Dragec, inda shinge ya fi keji iya rufa asiri. Masarar muka kai injin niƙa, muka ƙulla garin a leda-leda muka cika kabad huɗu. Garinmu ya ci tuwon masara da madara har bikin Ista. Teta Barica ta ce in ta mutu kada a binne ta kusa da gona. Amma kowace Laraba sai ta taka har gidan Dragec ta gwada masa yadda ake tuƙa shi ba gudaji, su yi ta musu a kan gishiri ana jiyo su daga titi.

Dragec ya riƙe aikinsa da gaske fiye da yadda aka so. Sau biyu ya dawo mana da kifin gwangwani wai bai gamsu da shi ba, ya kuma rubuta wa gidan burodi takardar gargaɗi. Zuwa Fabrairu ya sassauta bel ɗinsa da huda biyu.

A watan Maris ya zo ɗakin ajiya yana murza hularsa.

"Gospon shugaba, kayan da ke hannuna ba ya cin abinci. Yini yake yana kumbura wa tayar amalanke."

"Ya lalace ne?"

"Bai lalace ba. Kaɗaici ne."

Gospon Slavek ya yi tunani, ya ce duk abin da rumbu ya rasa, a allon ƙofa ake rubutawa don masu gudummawa su gani. Ya miƙo min alli. Na rubuta: mai, sukari, sabulu, talotalo mace ɗaya.

Ranar Litinin ba wanda ya kawo mai ko sukari. Talotalo mata kuwa huɗu aka kawo, ɗaya har da ƙwanta a kwando.